Dakta Zalihatu Ba Ta Gudu Daga Asibiti Ba

Ranar Talata, 6 ga Disamba 2022, Doha na cike da ihun 'yan kallon ƙwallo, aka kira ni ina tuƙi: Allah ya karɓi ran Dakta Zalihatu Dikko bayan jinyar kwana huɗu. Daga Allah muke, gare shi za mu koma.

Dakta, tun kafin a rufe ki na ji wasu na cewa kin ajiye farar riga ana tsakiyar korona, kin bi masu zuba jari saboda kwaɗayi. Maganar ta kai Gusau tun kina da rai, har mahaifinki ya daina ɗaga wayarki. Ni direba ne, ba marubuci ba, amma wallahi ba zan yi shiru ba.

Abokin ɗakina Mumin, mai gadi ɗan Zangon Kumasi, a hannunki ya cika. 'Yar na'urar da ake maƙala wa yatsa ta nuna iskar jininsa lafiya lau, alhali yana haki. Daga baya kika gaya mini na'urar kan yi kuskure a baƙar fata, domin masu ƙera ta ba su gwada ta sosai a kan irinmu ba. Kika ce: "Garzali, a asibiti sai abin da aka miƙo mini. Zan je inda ake zaɓar abin da za a ƙera."

Kuma kin je, kika kama aiki a kamfanin zuba jari. Duk kamfanin kayan asibiti da ya zo neman jari, sai kin kawo shi unguwarmu Mansura bayan sallar Juma'a. Mu jeru da masu gadi da direbobi, kowa ya miƙa yatsa a gwada na'urar kamfanin a kansa. Wani mai kamfani ya ce ba shi da lokacin wannan layi. Kika ce masa: "Khalas, shi ke nan, mu ma ba mu da lokacinka." Abokan aikinki sun yi fushi, kin kusa rasa kujerarki, ba ki janye ba.

Masu surutun nan, ko sau ɗaya ban ga ɗayansu a layin ba.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka kabarinki, ya sa Aljanna makoma. Ina ta'aziyya ga mijinki da 'yarki Kausar. Baba Malam Dikko, Allah ya ba ka haƙuri. Mu talatin da biyu muka sa hannu a wannan takarda, mun shaida 'yarka likita ce har ta koma ga Allah. Don Allah, Baba, ka yafe mata.

Garzali Auta, Mansura