Kicin ɗin matar kafinta

Ba a cika kayar da Uwar Biyu a cacar baki ba, amma akwai ranar da ta sha ƙasa, kuma a hannun ƙanwarta Auta, yarinyar da ta goya da bayanta.

Auta ce ta yi sabon kicin, ta aika a kira yayarta ta zo ta gani. Uwar Biyu ta shiga ta tarar da tayil fari ƙal, kabad-kabad jere har sama, durowa kana taɓa ta da ɗan yatsa sai ta sulale ta rufe kanta, ko ƙara babu. Kishi ya taso mata. Ta taɓe baki.

"Wa ya cuce ki haka, Auta? Dubi kantar girkin nan, ta yi tsayi. Kalar ma ta asibiti ce. Duk wanda ya yi aikin nan bai taɓa tsayawa ya kalli mace tana girki ba."

Auta ta goge hannu a hankali. "Da gaskiyarki, Yaya. Mijinki ne."

Kafin Uwar Biyu ta farfaɗo, Auta ta ƙara mata:

"Shi ya ce kar in gaya miki sai ya gama, wai kar ranki ya ɓaci. Af, ƙofar kabad ɗinki fa? Har yanzu da igiyar shanya kike ɗaure ta?"

Uwar Biyu ko shayin da aka zuba mata ba ta sha ba. Ta zura takalmi ta kama hanya, a tsakiyar titi ne amsoshi suka riƙa zuwar mata, masu kyau kuwa, amma babu wanda za ta gaya wa sai awakin unguwa.

Uwar Biyu tela ce. Gajeriyar mace mai kaifin ido, wadda ta ƙare ƙuruciyarta a kan keken ɗinki tana yi wa yaran makaranta riga da wando, har tagwayenta suka girma suka tafi karatu nesa. Mijinta kafinta ne kuma ɗan kwangila, hannunsa ba shi da na biyu a wajen haɗa kicin. Unguwa na kiransa Malam Gobe, ita ce ta raɗa masa sunan, shi kuma ya ɗauka yabo ne.

Ba ta taɓa kishi da wata mace a kansa ba. Bawan Allah in ya shiga gidan mutane ba ya kallon matar gida, bango yake kallo. Kishinta da kicin-kicin take yi. Zai dawo da yamma, garin katako a gira, ya zauna cin abinci ya hau ba ta labari: kantar matar likita da ke ɗaukar ido, famfon matar direba mai juyawa hagu da dama. Ita kuwa tana tsaye a nata, teburin yanka na jingine kan bulo, famfo na ɗiga cikin bokiti tun 'yan biyu suna rarrafe, durowar cokula sai an ba ta ƙafa take buɗewa. In ta yi magana ya ce, "Haba Uwar Biyu, wannan ai aikin yini ɗaya ne. Bari in sallami mutanen nan." Mutanen nan kuwa ba sa ƙarewa, haihuwa suke yi.

Bayan abin da ya faru a gidan Auta ta rantse sai ta yi kicin kafin tagwaye su zo hutu, kuma ba da hannunsa ba. Ta ƙirƙiro hanyarta ta tantance ɗan kwangila. Ba ta son hoto a waya, ba ta son daɗin baki. Duk wanda aka yi mata kwatance, sai ta ce masa, "Kai ni in ga kicin ɗin matarka."

Na farko ya yi ta kame-kame, daga baya ya kai ta. Matarsa a kan tsohon ƙyaure take yanka albasa, an ɗora shi bisa durom biyu. Na biyu matarsa dariya ta yi ta yi har da hawaye, ta nuna wata kusurwa da aka tara tayil a kwali, gizo-gizo ya yi gida a kai. Sai na uku: kicin kamar ka lashe, kowace tukunya da mazauninta. Kishin nan ya sake taso wa Uwar Biyu, har ta fara cewa ta samu. Amma da rana tsaka ce, mai gidan yana zaune a falo da silifas. Matarsa ta ja ta gefe ta yi ƙasa da murya: "Don Allah Inna ki ɗauke shi. Babu mai kiransa. Jiya ma sake cire min kanta ya yi ya mayar, don zaman banza."

A nan ta gane gwajinta a juye yake aiki. Wanda duniya ke nema, matarsa ce ke girki a kango. Saboda haka ta nufi gidan Dogo.

Dogo da Malam Gobe a gaban oga ɗaya suka koyi riƙe zarto, kuma tun daga lokacin kowannensu in ya ga aikin ɗan'uwansa sai ya yi tsaki. Kicin ɗin matar Dogo ko ƙofa babu, buhu aka rataya. Uwar Biyu ta tsaya tana kallo, ta ji wani sanyi a zuciya wanda ta daɗe ba ta ji ba a kicin ɗin kowa.

"Kai nake so," in ji ta.

Dogo ya washe baki. "Matar abokina, kafin yaranki su zo hutu kina girki a sabon kicin. Na yi miki alkawari."

Ranar da ya zo awo, Malam Gobe ya dawo ɗaukar guduma ya tarar da wasu manyan takalma a bakin ƙofa. Ya san takalman. Ya leƙa, ga Dogo a durƙushe yana jan tef ɗin awo a jikin bangonsa, yana fito.

"Me ake yi a nan?"

"Awo, Baban Biyu," in ji matarsa. "Matsa, ka tare masa haske."

Dogo ya taɓa ƙofar kabad, igiyar ta yi lilo. "Mutumina, wa ya kafa muku wannan?"

"Na wucin gadi ne."

"Ashe. To igiyar dai tana da kyau."

Malam Gobe ya ajiye gudumar. Ya tsaya yana kallon yadda Dogo ke ɗora awo. "Ka yi sama da yawa. Ba ka ga tsayinta ba? Kana so ta riƙa hawa kujera in za ta juya miya?"

"Haka nake yi wa kowa."

"Ita ba kowa ba ce! Kawo tef ɗin nan."

Ya fizge. Ya ce mata ta lanƙwasa hannu kamar tana riƙe da ludayi, ya auna daga gwiwar hannunta zuwa ƙasa, ya ja layi a bango da fensirin da ke bayan kunnensa. Tunda suka yi aure bai taɓa kallonta da idon aiki ba sai ranar. Ta so ta yi murmushi, ta tuna Dogo na wurin, ta ɗaure fuska.

Washegari kafin ta ɗora ruwan shayi Malam Gobe ya ɓalle tsohon kabad ya fitar da shi tsakar gida. Bai ce a sallami Dogo ba, ita ma ba ta sallame shi ba. Aiki ya kankama, sai da ya kai rabi matar likita ta kira, guduma ta yi shiru, Uwar Biyu ta koma girki a baranda. Ba ta yi faɗa ba. Sai ta aika wa matar Dogo, ta ce a turo mata shi ya zo gaisuwa. Dogo ya leƙo ta taga. "Sannu da hutawa, mutumina. In hannun ya gaji a yi magana, kayan aikina na cikin mota." Kafin ya kai bakin titi zarto ya fara kuka. Haka aka yi ta yi, duk sanda aiki ya lafa sai Dogo ya tuna da zumunci.

Tagwaye suka zo hutu suka tarar da uwarsu tana buɗe durowa tana rufewa, ba don tana neman komai ba. Aka kira Auta. Ta zagaya, ta shafa kanta, ta murɗa famfo, ta ce kalar ta yi duhu. Uwar Biyu ta san ciwon, ta zuba mata shayi har da ƙari.

A nan Malam Gobe ya ga ya samu masu sauraro. "Ku gaya wa uwarku gaskiya. Ta bi gari gida-gida tana neman amintaccen ɗan kwangila, ta zubar min da mutunci a gaban sa'o'ina, alhali ga shi a ɗakinta. Yanzu ina Dogon? Ƙusa ɗaya ya buga a kicin ɗin nan? Ke Auta faɗa mata, wa ya yi aikin?"

Uwar Biyu ta tura durowa da ɗan yatsa, ta jira ta rufe kanta.

"Dogo ya ce min kafin yara su zo zan yi girki a sabon kicin, ga shi ina yi. Kai kuwa kana ce min gobe tun ina da baƙin gashi. Ɗan kwangilata ya cika alkawari, Baban Biyu. Kai kuma Allah ya yi maka albarka, ka yi masa lebura mai kyau."