Hancin Usta Ubaidullah

Shekara ashirin da huɗu Ubaidullah ya yi yana kula da wuta a wata masana'antar tace man gyaɗa a Bahri, kuma ko gashin girar mutum ɗaya bai taɓa babbakewa a hannunsa ba. Tankin mai, da bututun da ke ɗauko shi, da bakin da ke feso shi ƙarƙashin tukunyar tururi, duk shi ne mai ce musu. Usta ake kiransa, wato gwanin sana'a, amma abin da ya fitar masa da suna hancinsa ne. A buɗe duro, ya sunkuya ya shaƙa sau ɗaya, ya gaya maka ko jaz ne tsantsa, wato man dizal, ko an yi masa algus. Ga faɗa kamar me! In ya ga ɗigon mai a ƙarƙashin bututu, ranar kowa sai ya ji a jikinsa.

Da yaƙi ya ɓarke, wuta ta kama masana'antar. Kowa ya yi ta kansa, ban da wannan bawan Allah, da ya tsaya cikin baƙin hayaƙi yana rufe hanyoyin mai, kamar akwai wanda zai gode masa. Ginin dai ya ƙone ƙurmus. Ya kwashi matarsa Zuwaira da 'yarsu Iman suka gudu Madani, Madani ma ta ƙi zaunuwa, suka gangaro Gadarif. Aka jibge su a ajin wata makaranta tare da iyalai bakwai, zani ne kawai tsakanin kowa da maƙwabcinsa.

A nan ya gane abin da hayaƙin ya yi masa. Wata rana wake ya ƙone a tukunya yana zaune dab da murhu yana gyaran rediyo. Zuwaira ta taho a guje daga wajen famfo, ta sauke tukunyar, ta tsaya tana kallonsa.

"Baban Iman, ba ka ji ƙauri ba?"

Bai ji ba. Ya ɗauko albasa ya yanka, ya ɗauko turare ya shaƙa, shiru. Hanci ya mutu. Ranar ya yi kuka a bayan ajin, kukan da bai yi ba lokacin da suka baro gidansu.

Bayan wata biyu aiki ya zo, kuma abin takaici, hancin ne ya kawo shi. Akwai wani Haliru, haifaffen Gadarif, mai gasa burodi a wani furun, wato gidan burodi, kusa da kasuwar hatsi. Mutum ne mai yawan dariya, shi ke tsayawa a bakin wuta da doguwar fifika, wato katako mai faffaɗan baki, yana zura ƙullu. Ya taɓa jin labarin Usta a bakin wani direba, sai ya ja shi har gaban mai furun ɗin, Hajj Abdulwahabu.

"Hajj, ga maganin masu kawo mana gurɓataccen mai. Wannan hancinsa ya fi na'ura."

A lokacin mai ya yi wuya, kowa saye yake a inda ya samu, kuma Allah kaɗai ya san abin da ke cikin duro. Hajj ya ɗauke shi a take, har da ɗaki guda a bayan furun. Ubaidullah ya buɗe baki zai faɗi gaskiya, ya tuna ajin nan da zannuwansa, ya mayar da bakin ya rufe.

In za a faɗi gaskiya, ya yi wa furun ɗin aiki. Ya tarar da tankin mai a jingine da bangon tanda, tiyon roba na kai mai zuwa bakin wuta, ya ce, "Inna lillahi! Ku da ranku kuke kwana a kabari?" Ya fitar da tankin waje, ya sa bututun ƙarfe, ya ɗaura balf, wato abin rufe mai, a bakin ƙofa inda hannu zai kai ko da ciki na ci. Ya jera bokitan yashi. Ya hana shan taba, har da Hajj ɗin kansa.

Batun hanci kuwa, dabara suka yi. Zuwaira ta kafa teburin shayi a gindin bishiyar da ke tsallaken titi. In an kawo mai, Usta ya sunkuya ya shaƙa, ya ɗaure fuska kamar alƙali, ya tsoma ɗan tsumma ya cusa a aljihu, ya ce a bar mai ya kwanta tukuna. Sai ya tsallaka shan shayi. Zuwaira ta karɓi tsumman a ƙarƙashin tebur ta kai hanci, ta ce masa jaz ne, ko kuma ta girgiza kai. Sau huɗu ta girgiza kai a shekara guda, sau huɗu ya kori mai mai da zagi, sunansa ya ƙara tashi a kasuwa.

Ita dai hankalinta bai taɓa kwanciya ba. "Ka gaya musu, don girman Allah. Haliru ne fa a bakin wutar nan, ba kai ba."

"In gaya musu me? In ce sun ɗauki makaho gadi? Kina so mu koma makaranta?"

Ita ma ba ta so, sai ta koma kan shayinta.

Ana tsakiyar zafin bazara furun ya kwana uku babu mai. A rana ta uku aka aiko gwaggon Zuwaira ta rasu a Showak, Zuwaira ta bi motar safe ita da Iman. Da azahar sai ga amalanken jaki da duro biyu shuɗɗa, an ce daga ƙetare suka shigo, ta kan iyakar Gallabat. Mata masu jiran burodi sun yi layi har kwanar titi, wasu da goyo, tun hantsi suke tsaye a rana. Hajj sai safa da marwa yake.

"Yalla, Usta, duba mana. Mutane za su cinye ni ɗanye."

Ubaidullah ya waiga gindin bishiya, babu kowa sai kujeru a kife. Ya sunkuya ya shaƙa kamar kullum, kuma kamar kullum bai ji komai ba. A nan idonsa ya kai kan rubutun boko a jikin duron. Bokonsa ba mai nisa ba ne, ya bi harafi ɗaya bayan ɗaya, ya haɗa: gasolin. Ya sauke ajiyar zuciya. A ƙasar nan, daga mai tarakta har mai karanta labarai a rediyo, duk wanda ya ce jazolin to dizal yake nufi, haka aka tashi aka ji. Ina zai sani cewa waɗanda suka yi rubutun, su a wajensu wannan kalmar sunan fetur ce, banzin ɗin mota, wanda ko tururinsa ya hango wuta sai ya tashi?

Duk da haka ya tsoma tsumman. Kafin ya ninke shi ya bushe a hannunsa. Ya gani, wallahi ya gani, kuma ya san jaz ba ya bushewa haka. Ya ce wa ransa ai zafin rana ne. Ya dubi Hajj, ya dubi layin mata, ya gyaɗa kai.

"Jaz ne. Ku zuba."

Aka zuba. Haliru ya kunna fankar da ke hura mai, ya cinna wa ɗan kwali wuta, ya zura hannu bakin tanda kamar yadda ya yi sau dubu. Wuta ta yi tsalle ta fito waje da wata irin ƙara, ta rufe shi daga kai har ƙirji.

Ubaidullah ne ya fara isa balf ya murɗe. Shi ya kwara yashi, shi ya naɗe Haliru da buhun fulawa ya jawo shi waje. Tankin bai kama ba, furun bai ƙone ba, matan layi ko ƙwarzane. Kafin la'asar kasuwa ta ɗauka: Usta ya ceci unguwa. Hajj ya rungume shi yana tsine wa mai amalanke da waɗanda suka aiko shi. Babu wanda ya tambayi yadda banzin ya wuce hancin da ya fi na'ura. Kowace sannu da aka yi masa, ji yake kamar an mare shi.

Sai a rana ta uku ya iya zuwa asibiti. Ya tarar da Haliru a kwance, fuska a naɗe sai ido da baki, hannaye biyu sun zama kamar ƙullin auduga. Matarsa Manahil na gefe tana yi masa fifita. Likita ya riga ya ce yatsun ba za su sake riƙe fifika ba.

"Usta, kai ne? Zauna mana." Muryar ta fito a shaƙe, amma har yanzu da ragowar wasa a cikinta. "An ce kai ka jawo ni. Allah ya biya ka."

Ubaidullah ya tsaya a bakin gadon, Haliru kuwa ya ci gaba.

"Ka san abin dariya? Ni fa na ji warin. Tun ana zubawa na ji banzin ya doki hancina. Har na buɗe baki, sai na tuna na ga ka shaƙa ka gyaɗa kai. Na ce kai Haliru, wane ne kai da za ka ƙaryata hancin Usta?"

Manahil ta daina fifita. Ubaidullah ya matso kusa da Haliru.

"Ba ni da hanci, Haliru. Tun Bahri ya mutu. Tun kafin ka kai ni wajen Hajj."

Idanun nan biyu suka tsaya a kansa daga cikin bandeji, suka daɗe. Babu zagi, babu tsinuwa, shi kuwa da zagin aka yi masa da ya fi masa sauƙi. Can Haliru ya motsa leɓe ya ce ƙishi yake ji. Ubaidullah ya yi wuf ya ɗauki kofin da ke kan tebur.

"A'a," in ji Haliru. "Manahil, karɓi kofin. Ke za ki ba ni."