Malam Zakariya'u da Gonar da Ta Ɓata a Cikin Diski

Ƙarfe bakwai da rabi Malam Zakariya'u ke buɗe shagonsa a wani lungu na unguwar Birni a Damagaram. Yakan share yashin da ya taru bakin ƙofa, ya duba ko akwai kuran, wato wutar lantarki, sannan ya fito da jakar faya-fayansa na na'ura ya jera su bisa tebur. Shekara ashirin da huɗu ke nan yana haka. A ƙarshen watan nan zai rufe shagon, domin idanunsa sun daina karanta ƙananan rubutun da aikin ke bukata.

Sana'arsa gyaran tsofaffin ordinata, wato kwamfuta, irin waɗanda ƙungiyoyin agaji suka bari a lakwal da biro, wato makarantu da ofisoshi, na ƙauyuka. Abin da ya fi ƙwarewa a kai shi ne diski, wato rumbun da na'ura ke ajiye komi a ciki. Bai taɓa sallamar na'ura da diski a dunƙule ba. Sai ya raba shi biyu, gefe ɗaya na sistem, wato manhajar da ke tafiyar da na'urar, gefe ɗaya na takardun mai ita. In an tambaye shi dalili, yakan ce manomi ba ya zuba iri a inda ake ɗibar na tuwo.

Tsofaffin sistem suna da taurin kai. Wani ba ya ganin babban diski sai rabinsa, wani kuma in kuran ya ɗauke ana cikin aiki, sai ya manta inda rabon farko ya ƙare. Malaman lakwal da dama a Mirriya sun shaida cewa sun kawo masa na'ura suna cewa komi ya tafi, ya ce su zauna. Bayaninsa ɗaya ne kullum: takardun suna nan, alamar iyaka ce ta goge, kamar gonar da aka tumɓuke gambar da ke gefenta. In ba a taɓa komi ba, ana iya gano iyakar.

Kai ne mai haƙurin bin diski taki-taki, Malam Zakari. Kai ne ba ka taɓa cewa a goge a sake ba matuƙar da sauran hanya.

Amma in aka zauna da shi, ba waɗannan yake ba da labari ba. Labarin na'urar Kaltuma yake maimaitawa.

Kaltuma sakatariya ce a biron da ke rubuta takardun gonaki a wata komin, wato ƙaramar hukuma, ta wajen Zermu. Damina ɗaya rufin biron ya yi yoyo, takardun suka jiƙe, gara ta ƙarasa su. Abin da ya saura sai hotunansu da ke cikin ordinata, a gefe na biyu da Malam Zakariya'u ya ware shekaru bakwai kafin nan. Wata safiya gefen ya ɓace. Abokin aikinta Isma'ila, da kyakkyawar niyya, ya sa faifai, ya haɗe diskin wuri ɗaya, ya zuba sabon sistem. Kwana tara suna aiki da na'urar kafin Kaltuma ta naɗe ta cikin zane ta hau mota zuwa Damagaram.

Da ya ji labarin bai yi faɗa ba. Ya tambaye ta kwana nawa, ta faɗa, ya cire tabarau ya goge.

"Baba, ka ce ana gano iyaka," in ji ta.

"In ba a yi shuka a kai ba, 'yata. Ku kun yi shuka har da noman fari."

Ya yi mako biyu a kan diskin. Ya gano tsohuwar iyakar, ya fito da takardu ɗari biyu da goma sha ɗaya. Arba'in da uku sabon rubutu ya hau kansu. A cikinsu har da ta Inno, wata tsohuwa da mijinta ya rasu ya bar mata gonar hatsi, maƙwabcinta kuma ya fara matso da kuyyarsa, wato layin shukarsa, ciki. Sunan takardar ya fito, ranar da aka rubuta ta ta fito, amma da aka buɗe babu komi sai tarkacen alamomi.

Ba wanda ya aike shi. Ya buga sunan da ranar a takarda, ya rufe shago, ya tafi ƙauyen su Inno da kansa. A gaban mai gari ya bayyana cewa takardar ta taɓa wanzuwa, ga shaida. Aka tambaye shi ina iyakar take a cikinta. Dangin Inno suka zuba masa ido, suna jira ya nuna bishiyar gawo da suke cewa ita ce iyaka. Ya ce bai gani ba, ba zai ce ya gani ba.

Aka raba wurin da ake jayayya a kai biyu. Inno ta rasa kuyya goma sha shida. Da zai tafi ta ba shi ƙullin gyaɗa, ta ce, "Malam, kai dai ka zo. Masu biron ma ba su zo ba." Ya karɓa, amma ya ce har ya iso gida bai iya kwance ƙullin ba.

Rahoton da biron ya aika sama layi ɗaya ya ce: an gyara na'ura. Sunansa bai fito ba. A shekarun nan duka babu wanda ya zauna ya koyi aikin wurinsa har ƙarshe. Masu zuwa sukan ce goge diski ya fi sauri.

Mun gode, Malam Zakariya'u. Mun makara wajen faɗa, kuma mun sani. Masu gyaran da ke tasowa a Damagaram, shagon yana buɗe har ƙarshen wata, ku je ku tambaye shi. Masu na'ura kuma ku riƙe abu biyu da ya yi ta nanatawa: a raba diski, in gefe ya ɓace a kashe na'ura kar a taɓa.

Makon jiya Kaltuma ta je yi masa ban kwana. Ya jawo aljihun tebur ya fito da tsohon diskin da ya ajiye bayan ya sa wa na'urar biron sabo, naɗe cikin leda, da sunan Inno a jiki. Ashe duk shekara, in ya samu sabuwar dabara, sai ya sake gwadawa. Inno ta rasu bara.

"Riƙe shi wurin da ba danshi," ya ce mata. "Jikokinta suna nan. Wataƙila a samu mai idon da ya fi nawa."