Masallacin da Wada ya fafe a dutse

Wada ɗan gidan magina ne daga Zariya. A ƙasa ya zo Makka tare da matarsa Hure, tafiyar shekara shida, duk inda suka yada zango ya yi wa mutane gini sannan su ƙara gaba. A Sudan aka haifi Tijjani, wanda shi kaɗai ya rayu cikin 'ya'yansu huɗu. Da suka sauke farali ba su koma gida ba, suka kama ɗaki a unguwar Tandabawi, can saman dutse cikin 'yan uwa Hausawa.

Da aka shiga faɗaɗa Harami, Wada ya samu aikin dakon duwatsu. Wani mu'allim, wato babban magini, mutumin Sham, ya ga yadda yake riƙe guduma, ya cire shi daga dako ya koya masa sassaƙar furanni a jikin marmara. Mutumin da ya tashi da laka da makuba ya shekara goma sha biyu yana wannan aiki. Ba ya yawan magana, kuma bai taɓa nuna wa kowa ginshiƙi ya ce aikinsa ne ba.

Tijjani bai ɗauki gini ba. Ba shi da takardar zama, kullum a ɓoye yake neman abin yi, har ya gaji. A shekarar 1960 ya bi wani kawunsa da ya zo aikin hajji, ya tafi Najeriya, ƙasar da bai taɓa gani ba, ya shiga soja. Wasiƙarsa kan zo sau ɗaya a shekara ta hannun alhazai.

A hajjin 1968, lokacin yaƙin basasa ya yi zafi, wasiƙa ba ta zo ba. Wani Alhaji Mukhtaru, maƙwabcin kawun, shi ya hau dutsen yana tambayar gidan Wada. Ya sha shayi, ya daɗe yana juya kofin, sannan ya ce an harbi jirgin ruwan su Tijjani suna ƙetare kogin Kwara. Hure ta tambaya ko an yi masa sutura. Alhajin ya ce ba a ga gawar kowa ba.

Bayan kwana bakwai Wada ya je ya yi sallama da mu'alliminsa, ya ajiye aiki. A bayan ɗakinsu akwai wani baƙin dutse da ke fuskantar alƙibla, nan ya kafa guduma. Ya gaya wa Hure cewa tunda yaron ba shi da kabari, zai yi masallaci Allah ya kai masa ladan.

Wata tara ya yi yana aikin, yawanci shi kaɗai. Wurin bai fi cin mutum ashirin ba. Wajen tsayuwar liman a cikin dutsen ya fafe shi, zurfin kamu uku. Rufin ya ɗora shi a kan bakan gizo biyu masu gicciye juna, irin na tsofaffin sorayen Zariya, sai dai da dutse da siminti. A jikinsu ya yi zanen dagi, ya zagaye shi da furannin da ya koya wurin mutumin Sham. Da yake bai iya rubutu ba, Malam Yunus, mai koyar da karatu a layinsu, shi ya rubuta sunan Tijjani da gawayi a bangon dama, Wada ya bi da ƙarfe.

Hajji ya zagayo, labari ya bazu a masaukan alhazai. Waɗanda yaƙi ya ci musu ɗa ko ƙane suka riƙa hawowa da sunaye a guntun takarda domin Wada ya sassaƙa musu a bangon. Bai mayar da kowa ba, har sunayen suka kai talatin da takwas.

Sai wata dattijuwa, Hajiya Rakiya daga Jos, ta zo da nata, Malam Yunus ya karanta sunan. Maƙwabcinta ne, Ibo, tela, wanda aka kashe a ƙofar gidanta a rikicin da ya gabaci yaƙin, bayan ta ɓoye shi kwana biyu a ɗakin girki.

Wada ya ce, "Hajiya, mutanensa ne suka kashe mini ɗa."

Ta ce, "Shi ɗinki kawai yake yi, Malam."

Ya ce ba zai iya ba, ga shi kuma telan ba Musulmi ba ne. Ta naɗe takardarta ta sauka.

Bayan alhazai sun watse wasu malamai uku suka zo, suka daɗe suna duban bangon. Suka yaba ginin, amma suka ce jera sunayen matattu a wurin salla daidai yake da ɗaukaka kaburbura, ko a goge ko a rufe wurin. Wada ya dubi Malam Yunus. Malamin ya sunkuyar da kai ya ce abin da suka faɗa haka yake a littafi, shi ma tausayi ne ya rinjaye shi.

Wada bai bar kowa ya taɓa bangon ba. Da hannunsa ya kankare, kwana uku, suna bayan suna. Na Tijjani ya bari ƙarshe, ya yi sallar la'asar a gabansa, sannan ya ɗauki guduma.

Tarin da ya soma tun yana fafe dutsen ya tsananta da zafin wannan shekarar. Likita ya ce ƙurar dutse ce ta cika masa huhu. Yana kwance ya riƙa tambayar Malam Yunus sunan telan nan na Jos, malamin ya ce shi ma ya manta, kuma ba wanda ya san inda za a samu matar. Wada ya rasu a ƙarshen 1969, saura 'yan makonni yaƙin ya ƙare.

Hure ta ƙi komawa Zariya duk da aiken da dangi suka yi ta yi. Tana sayar da ƙosai a bakin layi, ita ce kuma mai sharar masallacin da cika randarsa, har ƙafafunta suka daina hawa dutsen.