Fentin da Na Shafa wa Randunan Babana

Bazarar 1999 ce, wata Talata da hantsi, ba a daɗe da ba mu hutun makaranta ba. Ina tsugune a ƙofar gidanmu ƙarƙashin dogon yaro, na ɗaura tsohon zanen Inna don kada in ɓata rigata, gwangwanin shuɗin fenti a gabana, ga randuna biyu da na kife a rana tun da sassafe. Buroshin ma ni na haɗa abina, da gashin jelar jakin Baffa Idi da na yanko ba da saninsa ba, na ɗaure shi da waya a bakin kara. Fentin ya daskare a gindin gwangwani, sai na tsiyaya masa kananzir ɗin fitila ina motsawa da tsinke har ya saki. Da na ja layin farko a jikin randar, na ga yadda busasshen yumɓu ya tsotse shuɗin nan take, wani daɗi ya rufe ni. Shekaruna goma sha ɗaya, kuma a ranar ban yarda akwai mai basira kamata a duk ƙauyukan Jazira ta ƙasar Sudan ba.

Randunan nan ba na cikin gida ba ne, na sabil ne, wato ruwan da ake ajiyewa a bakin hanya don duk mai wucewa ya sha kyauta. Babana ne ya sayo su a kasuwar birnin Madani, ya zauna a bayan lori yana tallafe da su har gida don kada gargadar hanya ta fasa su. Damunar da ta biyo baya zazzaɓi ya ɗauke shi, ina 'yar shekara bakwai. Bayan an yi sadakar arba'in, kakata ta wajen uba, wadda muke kira Habboba, ta sa aka fito da su ƙofar gida. Baffa Idi, ƙanen babana, ya kafa musu gwafanni ya yi 'yar rumfar kara a kansu, aka ɗaure kofin silba da igiya. Habboba ta ce duk wanda ya sha, ladan na ɗanta ne. Gidanmu kuwa a bakin hanyar gonaki yake, masu dawowa daga hawasha, wato gonakin ban-ruwa, da masu kora tumaki da 'yan makaranta duk nan suke tsayawa, Bahaushe da Balarabe. Daga cikin ɗakinta Habboba takan ji ƙarar kofi a bakin randa, sai ka ji ta ce, "Allah Shi kai mishi."

Cika randunan aikina ne, safe da yamma, daga famfon gari da bokiti a ka. Amma gyaransu Habboba ba ta bar wa kowa. Duk Juma'a takan juye ragowar ruwan a gindin bishiya, ta dirje cikinsu da soson kaba, ta kife su a kan kaskon turare har hayaƙi ya ratsa su, sannan ta naɗa musu jiƙaƙƙen buhu. Bayansu kuwa ba ta yarda a kankare, ko da gansakuka ta yi kore a jikinsu. Kullum a jiƙe suke suna naso, ruwa na ɗiga daga gindinsu cikin wani tsohon kwano. Wannan ɗigon kaji da kurciyoyi ke sha, har na'ana'a ta fito a wurin da kanta, muna tsinkowa mu sa a shayi. Ruwan kuma, Allah sarki, da tsakar rana in ka kurɓa sai ka ji shi har cikin haƙora.

Ni kuwa tun ina ƙarama hannuna ba ya zama wuri ɗaya. Gwangwanayen madara na mayar da su tukwanen fulawa, murafun lemo na huda su da ƙusa na yi labulen ƙofar ɗakin Inna, tsoffin silifa na yanka su tayoyin motar ƙanena. A makaranta ustaza, wato malamarmu, ta taɓa ɗaga faifan da na saƙa ta nuna wa aji duka, tun daga ranar kaina ya kumbura. Ana haka wani maƙwabcinmu ya dawo daga Saudiyya, shi ma ya kafa sabil a ƙofar gidansa: sababbin randuna jajaye a kan mazaunin ƙarfe mai koren fenti, da rufin kwano, da kofuna masu sarƙa. 'Yarsa Nafisa ajinmu ɗaya. Ranar da aka ba da hutu muna tafe tare da ƙawaye, ta tsaya a gaban namu ta toshe hanci ta ce, "Wai wanga na mutane ne ko na jakai?" Aka kwashe da dariya. Na kalli randunan babana da gansakukarsu da yagaggen buhu da kashin kaji a ƙasa, kunya ta kama ni kamar ni ce a tsaye ba wanka.

Shi ya sa da Habboba da Inna suka tafi suna a ƙauyen gaba, za su kwana, na ce yau ce ranata. Fentin ragowar wanda Baffa ya shafa wa amalankensa ne. Na san fenti ba ya kama jiƙaƙƙen abu, gwangwanaye sun koya mini wannan, don haka na juye ruwan, na kankare gansakukar tas da fasasshiyar kwalba, na bar rana ta busar da su ƙarau. Na shafe su tun daga gindi har baki, har cikin wuya inda hannuna ya kai. Da ya sha iska na sake wani shafin. Na samo ɗan farin fenti na zana furanni a zagaye, a ƙasa kuma, don kada wani ya ci ladan aikina, na rubuta sunana baro-baro: Zulai. Yara suka taru suna ta "ya salam!" Nafisa ma ta zo ta tsaya daga nesa, ni kuwa na riƙe ƙugu.

Washegari na cika su da wuri, na sa wankakkiyar riga, na zauna a dakali ina jiran yabo. Rana ta take, mutane suka fara dawowa daga gona. Na farko shi ne Malam Bello, wani dattijo abokin kakana, fartanya a kafaɗa, rigarsa ta jiƙe da gumi. Ya dubi randunan ya yi murmushi, ya yi bisimilla ya ɗebo kofi cike ya kafa kai. Kurɓa ɗaya ya yi ya fesar da shi a ƙasa yana tari. "Subhanallahi! Mi anka sa ma ruwan ga? Kananzir ne, kuma da ɗumi awa na wankan jego!" Waɗanda ke bayansa suka matso, wannan ya sansana ya mayar, wancan ya ɗanɗana ya tofar. Wani saurayi ya sunkuya ya karanta sunana da ƙarfi, kowa ya juyo ya kalle ni a dakali da wankakkiyar rigata. Wallahi da ƙasa ta tsage a lokacin da na shige. Ina kallo suka wuce gaba ɗaya zuwa ƙofar gidan su Nafisa.

Da la'asar su Habboba suka dawo. Idonta ya riga ya yi rauni, sai da ta zo dab sannan ta tsaya. Ta ɗora tafin hannunta a jikin randar, ta shafa, ta shafa ɗayar, ta sunkuya ta taɓa kwanon da ke ƙasa ta ji shi a bushe. Ta ce, "Ba su zufa." Inna ta riga ta karyo tsumagiya, Habboba ta ɗaga mata hannu ta ce a bar ni. Baffa Idi ne ya zaunar da ni yana faɗa yana dariya: ashe wannan nason da nake gani ƙazanta, shi ne sanyin. Ruwa na fitowa ta ƙananan ƙofofin yumɓu, iska na shan sa, na ciki yana sanyi, ni kuwa na bi ƙofofin ɗaya bayan ɗaya na toshe su da shafi biyu. Maƙwabcinmu ma ƙarfen kawai ya yi wa fenti, randunansa ko ɗigo bai taɓa su ba, idona ne bai lura ba. Habboba dai ta shige ɗakinta, ko tsawa ba ta yi mini ba. Da ta dake ni da na fi samun sauƙi.

Sauran hutun nan a gindin randunan na yi shi. Ƙawayena na can suna 'yar gala-gala da carafke a inuwa, ni ina nan ina kankara da kwalba, ina dirza da yashi da gutsuren jan bulo har yatsuna suka sale. Na wanke cikinsu da toka, na jiƙa su da ruwan tsamiya, Inna ta turara su har sau nawa. Shuɗin sama ya fita, amma wanda yumɓu ya riga ya sha ya zauna daram, suka koma wasu dabbare-dabbare, ba su ga kyan da ba, ba su ga na fenti ba. Warin ya ragu amma bai tafi ba, ruwan kuma bai sake sanyi ba. Na'ana'a ta bushe, kaji suka canza wuri. A gari aka sa mini suna Injiniya, ko kanti aka aike ni sai wani ya ce, "Injiniya, a zo a yi ma tulunmu fenti mana." Wannan duk da sauƙi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne shirun tsakar rana, mutane na wucewa ta ƙofarmu suna gaisawa, kofi na rataye ba mai taɓa shi, Habboba kuma tana ɗaki tana jin takunsu. Ni na yanke wa babana ruwansa, da hannuna, har da sa suna.

Baffa ya ce in an sayar da gyaɗa zai sayo sababbi, a fasa waɗannan a huta. Habboba ta ce sababbi dai ya sayo, amma waɗannan ba mai fasa su tana raye, hannun ɗanta ya taɓa su. Kuma ta ce in ci gaba da cika su kamar kullum. Na ga abin ba ma'ana, amma wa ya ba ni bakin magana? Haka nake juye na jiya in zuba sabo, kaina a sunkuye don kada in haɗa ido da kowa. Sai wata rana na buɗe murfi na ga ruwan ya ɗan ragu. Murna ta kama ni, na ce naso ya dawo, na durƙusa na shafa gindin randar, a bushe ƙayau. Washegari ma haka, ya ragu kaɗan, kofin kuma a jiƙe.

Rannan da azahar na laɓe a zaure. Gari ya yi tsit, zafi har ƙasa na ƙuna, kowa ya shige inuwa. Sai ga Habboba ta fito tana dogara sandarta, ta wuce randar cikin gida mai sanyi da ke bakin ɗakinta, ta wuce ni ba ta gan ni ba, ta fita waje. Ta lalubo kofin, ta buɗe murfi ta ɗebo shi cike, ta tsuguna ta yi bisimilla. A hankali ta shanye shi duka, ruwan ɗumin nan mai warin kananzir, tana runtse ido a kowace kurɓa. Ta goge baki da gefen mayafi ta ce, "Allah Shi kai mishi."

Ban san lokacin da na fito ba. Na ce, "Habboba, ga mai sanyi can cikin gida."

Ta juyo inda ta ji muryata ta ce, "Na sani, ɗiyata. Na cikin gida nawa ne, wanga nashi ne. In ba a samu mai sha ba, ai ni ma ina jin ƙishirwa."

Kuka ya ƙwace mini. Ba ta rarrashe ni ba, sai ta sake ɗebo rabin kofi ta miƙo mini, na karɓa da hannu biyu na sha. Tun daga ranar, har kaka ta yi Baffa ya kawo sababbin randuna, mu biyu ne masu shan sabil ɗin babana.

Yanzu a Madani nake da aure da 'ya'yana. A unguwarmu masu hali injin sanyaya ruwa suke kafawa a ƙofar gida, ka murɗa famfo ka sha ka wuce, ba ka san don wa aka ajiye ba, ba kuma mai zaune a ɗaki yana sauraren ka. In wuta ta ɗauke sai ya koma tulin ƙarfe. Habboba ta daɗe da rasuwa, hanyar gonakin ma an karkatar da ita ta bayan gari, yaran yanzu da robar ƙanƙara suke zuwa hawasha. Ina da firji a ɗaki, ruwan sanyi ba ya yanke mini dare da rana. Amma wancan rabin kofin har yau ban gama haɗiye shi ba.