Hannayen Baba Tela

Na tsufa yanzu, na manta sunayen ɗalibai da yawa da na koyar, amma ranar da wuta ta tashi a ɗakin da muke ɗaukar shirin 'yan tsana a Birnin Kebbi ba za ta fita raina ba har in koma ga Allah. Ba don girman wutar ba, don ko minti goma ba ta yi ba aka kashe ta. Sai don ni na jawo ta.

Lokacin muna cikin jihar Sakkwato. Ban daɗe da gama kwalejin horon malamai ba aka turo ni wata firamare ina koyar da zane. A bayan makarantar akwai wani tsohon sito mai ƙofa ɗaya, a nan ake ɗaukar wani shirin yara da ake nunawa a talabijin duk Asabar da yamma. Ma'aikata kan zo daga Sakkwato sau ɗaya a wata da kyamara da fitilu, su ɗauki na mako huɗu a wuni guda, su koma. 'Yan tsana ne uku suke koya wa yara ƙirga da haruffa da wanke hannu da tafasa ruwan sha: wani tsohon masunci mai yawan mantuwa, da akuya mai cin littafi, da wata yarinya da ba ta gajiya da tambaya.

Mai shirin wani dattijo ne daga Argungu, tela ne, kowa Baba Tela yake ce masa. Da ƙyallayen da suka rage masa a shago ya ɗinka 'yan tsanan. Yakan durƙusa bayan tebur, masunci a hannun dama, akuya a hagu, yana sauya murya. Yarinyar kuma wata malamar makarantarmu ce ke riƙe ta, mutuniyar Filato, Kirista, wadda ta daɗe a garin har Hausarta ta koma tamu. Dandalin kuwa ba wani abu ba ne: zana ɗaya a jingine da bango, shuɗin zane a shimfiɗe a matsayin gulbi, sai tulu a gefe. Shekara bakwai ke nan shirin yana tafiya haka, kuma ranar Asabar in ka bi ta gidajen da ke da talabijin za ka tarar da yaran unguwa sun cika tsakar gida har zaure.

Ni aikina rubuta haruffa a kwali. Amma ina da ƙuruciya, ina da takarda, kuma a kwaleji na ga hotunan irin waɗannan shirye-shirye na ƙasashen waje. Zanar nan kunya take ba ni. Na yi ta bin shugaban ma'aikatan da magana har ya amince in sake dandalin gaba ɗaya. Sai da na gama da shi sannan na je na gaya wa Baba, kuma wannan ma rashin ladabi ne da ban gane ba sai daga baya.

Ya saurare ni har na gama, yana gyara kunnen akuya da allura. Ya ce, "Malam, yaran ga akuya sunka zo kallo, ba bango ba. In kaya sunka yi yawa, ido shi rasa inda za shi tsaya. Kuma talabijin ɗin mutane baƙi da hwari na, launin ga naka wa za shi gane shi?"

Na ce, "Baba, zamani ya wuce nan."

Ya ɗaga kai ya dubi rufin siton, ya dubi ƙofa. Ya ce, "Ɗakin ga ƙohwa guda gare shi, kuma hitilun ga suna da zahi." Sannan ya ce, "To, Allah shi ba mu sa'a."

Mako uku na yi ina aiki. Na gina kasuwa sukutum da kwali, rumfuna huɗu da rufin busasshiyar ciyawa, da kwalekwale, na shafe komai da fentin mai. Ban tsaya nan ba, na ce tsofaffin 'yan tsanan sun koɗe, na yanka sababbi da soson katifa na lulluɓe su da yadin leda mai ƙyalli, dogaye har gwiwar hannu. Da Baba ya zura hannunsa ya ce sun matse shi. Na ce za su saki. Don a ji tafi da dariya a cikin shirin, na kuma kwaso 'yan ajina na zaunar da su a tabarma gaban dandalin.

Bazara ce, bayan azahar, ɗakin kamar tanda. Mai kyamara ya leƙa ya ce rumfunan sun yi duhu, ba a ganin fuskar masunci. Ni da hannuna na jawo babbar fitilar na matso da ita har tana kusan taɓa ciyawar. Aka fara. Akuya ta sace littafin yarinya, masunci yana ƙirga kifinsa yana ɓata lissafi, yara suna ta ƙyalƙyala dariya suna gyara masa. Ina tsaye a gefe ina jin kaina ya yi girma.

Warin na fara ji kafin in ga komai. Sai na ga rufin rumfar farko ya yi baƙi, sai ja, kafin in buɗe baki wuta ta bi fentin ta kama ta biyu. Yara suka tashi da ihu suka yi ƙofa gaba ɗaya, suka cushe. Malama ta jefar da 'yar tsanarta ta faɗa cikinsu tana fizgo su ɗaya-ɗaya tana turawa waje. Rufin da ke ci ya karkato, zai faɗo kan waɗanda ke baya. Baba ya miƙe daga bayan tebur, bai tsaya cire 'yan tsanan daga hannunsa ba, ya sa hannu biyu ya tare shi, ya tura shi bango ya danne.

Soson nan ya kama nan take. Ledar ta narke ta manne masa. Ya yi ta yarfa hannu, abin ya ƙi fita, don ya matse kamar yadda ya faɗa. Ni kuwa ina tsaye ina kallo, ban yi komai ba. Mai kyamara ne ya tuɓe rigarsa ya naɗe hannayen, direbansu ya shigo da bokitin ruwa. Ba yaron da ya ƙone, sai biyu da suka gurje a bakin ƙofa. Abin da na ji Baba yana maimaitawa ana sa shi a mota shi ne, "An hid da ɗiyan? A ƙirga su."

Ya daɗe a asibiti. Ban je ba. Kullum sai in shirya, in kai bakin titi in juyo. Da aka sallame shi ya koma Argungu, wata rana Malama ta tare ni a bakin ofis. Ba ta taɓa ɗaga mini murya ba sai ran nan. Ta ce, "Malam, sau uku yana tambayata kai. Wutar kuskure ce, kowa ya sani. Amma wannan ɓuyan da kake yi da gangan ne."

Ranar Juma'a na hau mota. Ina isa ƙofar gidansa na tarar da wasu mutum biyu suna ɗora keken ɗinkinsa a amalanke, an sayar. Yana zaune a zaure a kan buzu, hannayen a kan cinya. Yatsun sun nannaɗe sun haɗe, fatar ta yi fari-fari tana sheƙi. Na durƙusa na gaishe shi, na kasa haɗa ido da shi.

Ya ce, "Malam, sai yau? Har na ce ko kai ma ka ƙone ba a gaya min ba."

Kuka ya ƙwace mini. Na ce, "Baba, ka yafe mini. Ka faɗa, ban ji ba."

Ya ce, "Na yahe maka tun ina kwance. Amma ba ni ɓoye maka, hannun ga ya tahi, ba shi dawowa." Ya nuna randa da haɓa. "Taimake ni da ruwa, mutanen gidan sun hita."

Na ɗebo a moɗa na miƙa masa, sai na tuna ba zai iya riƙewa ba. Na matsa na kai masa baki. Yana sha, ruwan yana zuba a gemunsa. Mutumin da ya ciyar da gidansa da allura shekara da shekaru, ga shi ina shayar da shi kamar jinjiri, kuma da ya gama sai ya ce mini Allah shi yi albarka.

An so a ci gaba da shirin. Aka ce in shiga bayan tebur tunda na san labaran. Na gwada wata biyu, amma murya ba tasa ba ce, hannu ba nasa ba, yara kuma ba a ruɗinsu. Suka daina taruwa, ma'aikatan suka daina zuwa, aka mayar da siton wurin ajiye karyayyun benci. Baba ya yi shekara huɗu bayan nan ina zuwa wurinsa duk ƙarshen wata, ya rasu kafin a ba mu jiharmu.

Na yi shekara talatin ina aiki bayan wannan, na riƙe makarantu, na tarar da abubuwa da yawa da na ga kamar sun tsufa. Ban sake taɓa ko ɗaya ba sai na nemi wanda ya kafa shi na zauna na tambaye shi dalili, kuma na bari ya gama magana. Na gane cewa abin da ya daɗe yana aiki cikin sauƙi, yawanci wani ne ya yi tunani ya rage shi har ya kai haka. Na kuma gane cewa in mai gaggawa ya yi kuskure, ba lallai shi ne zai ɗanɗana ba. Ni hannayena lafiya lau suke, da su nake wannan rubutu.