Makon da Muka Hana Yaya Faɗur

Ko tsufa ya kwashe min komai, ba zan manta da makon da muka hana yayana karin kumallo ba.

Shekara guda ke nan da yi masa dashen ƙoda, kuma ƙodar tawa ce. Likita ya ce ƙwayoyin da ke hana jikinsa ƙin ƙodar suna rage masa garkuwa, don haka ya nisanci laka. Amma wa ya isa ya raba manomi da gonarsa? Yaya ya koma ban-ruwan auduga, ko takalmi babu. Ba a jima ba wani abu kamar makero ya feso masa a ƙafa, yana faɗi yana ruwa.

Muka aika wa likita hoto. Da ya kira, mahaifiyarmu Inna ce ta ɗauka, ita da Larabcinta bai wuce na cinikin albasa a kasuwar Wad Haddad ba. Ya ce mata fiɗriyat ne, wato cuta dangin makero, a kawo shi gobe. Ita kuwa faɗur ta ji, abincin safe, zancen kai shi gobe kuma bai shiga kunnenta ba.

"Diktor ya ce faɗur na ka cin ƙafatai," in ji Inna. "Daga yau ba ful, ba kisra, sai azahar. Kalas!"

Ful dafaffen wake ne, kisra kuwa siririyar wainar dawa, su ne faɗur ɗinmu. Nan take ƙauye ya cika da likitoci. Wani dattijo ya rantse tun fil'azal bai yarda da wake ba. Maƙwabciya ta kawo dakakkiyar bagaruwa. Ni ma, da duk karatuna na sakandare, na gyaɗa kai, don kada a ce ban waye ba. Babu wanda ya tuna cewa da faɗur Yaya ke shan ƙwayoyinsa na safe. Da abincin ya tafi, suka tafi tare.

A kwana na shida fitsarinsa ya ragu, jiki ya kumbura, muka kwashe shi sai asibitin Madani. Likita ya ji labari, ya cire tabarau, ya sa aka kwantar da Yaya nan take. Da ƙyar aka ceto ƙodar, ƙafar kuwa ta ci wata uku ana magani.

Na yi kuka, na kuma yi fushi. A bakin gadonsa na ce, "Yaya, guda ɗai ta yi mini saura, ba ni da wata da zan ba ka."

Har gobe Inna cewa take likitan ne bai iya Larabci ba. Ni dai na koyi cewa a kan maganar likita, "ban gane ba, maimaita" ba abin kunya ba ne. Gyaɗa kan da na yi ne ya kusa kai yayana kabari.